Gadin Simintin Auta

Shekarar da na ajiye alli, bayan shekara talatin da biyar ina koyarwa a firamare, ban san yadda zan yi da safiya ba. Na saba ƙarfe bakwai ta same ni a hanya, rajista a hammata, yara na gaishe ni tun daga bakin layi. Sai ga ni a tsakar gidanmu a Kazaure, na share inda yake a share, na watsa wa kaji dusa, na zauna ina kallon inuwar darbejiya tana janyewa. Maigidana ya rasu shekara biyu kafin nan, manyan 'ya'yana kowa yana gidansa. Wadda ta rage a hannuna ita ce Auta, ita ma tana wata jami'a mai nisa tana digiri na biyu a fannin haƙar man fetur.

A farkon bazara aka rufe jami'arsu saboda yajin aiki, ta dawo gida. Na fita tarenta ina tsammanin akwati ɗaya da jakar littattafai, sai na ga direba yana sauke buhu, da guntayen bututun roba ɗaure da igiya, da ƙaramin sikeli a kwali. Ita kuma ta rungume wani gwangwani ba ta yarda kowa ya taɓa ba.

Na ce, "Auta, gini za ki yi mana?"

Ta ce, "Aikin makaranta ne, Umma. In na zauna jiran a buɗe, shekara za ta wuce ni a banza."

Rumfar da babanta ke ajiye babur a da, ita ta share ta jera kayanta a ciki. Washegari bayan mun karya kumallo na ce ta yi mini bayani yadda zan gane, don ba na son abu yana gidana ban san kansa ba. Ta ɗauko tsohon bokiti ta cika da yashi, ta haƙa rami da tsinken murhu, ta zura guntun bututu a ciki.

Ta ce rijiyar mai ba irin tamu ba ce da mutum zai leƙa ya hango ruwa. Rami ne siriri, faɗinsa bai wuce na faranti ba, amma zurfinsa zai kai daga gidanmu zuwa bakin dam, ko ma ya zarce. In an gama haƙa sai a zura bututun ƙarfe har ƙasa. Tsakanin bututun da bangon ramin akwai ɗan fili, ta nuna mini shi da yatsa a cikin bokitin. Nan ake cikewa da siminti mai ruwa-ruwa, a tura shi da inji ta cikin bututun, ya je ƙasa ya juyo sama ta gefe, ya daskare. Shi ke riƙe bututun, shi kuma ke hana mai da iskar gas su bi ta gefe su hauro su gauraya da ruwan da mutane ke sha.

"To ina matsalar?" na tambaye ta.

"Can ƙasa akwai zafi da matsi, Umma. Ƙarfen yana buɗewa yana tsukewa, shekara da shekaru, sai simintin ya yi tsaga kamar silin gashi. Babu maginin da zai sauka da cokali ya shafe ta. Shi ya sa ake neman simintin da zai toshe tsagarsa da kansa."

Na yi dariya, na ce ban taɓa jin bango ya ɗinke kansa ba. Sai ta buɗe gwangwanin nan. Wani farin gari ne a ciki, laushinsa kamar na garin rogo. Ta ce sunansa folima, ɗan uwan roba ne, daga ƙasar waje ake kawo shi. Ana zuba shi a cikin siminti tun wajen kwaɓi, ya zauna shiru abinsa. Ranar da tsaga ta buɗe mai ya biyo ta, da ya taɓa garin sai ya sha man ya kumbura, ya cike hanyar. Abin da take son ta sani shi ne, ko garin tsohuwar taya, wadda ke zube a kowane gareji, zai iya yin irin wannan aikin. Ni dai daga ranar garin roba nake kiran su duka biyun, fari da baƙi.

Baƙin ta samo shi ne a wajen masu yanka taya suna yin takalma da guga a bayan kasuwa. Suka tara mata ɓarɓashi, wani mai walda ya goge mata guntaye a injin wasa ƙarfe. Ta dawo gida fuska duk baƙi, ta tsaya a ƙofar kicin tana kallon rariyata. Guda biyu gare ni, na miƙa mata tsohuwar, na san ba za ta sake ganin garin tuwo ba.

Kwaɓin farko bai yi ba. Ta auna komai a sikeli, ta dama, ta zuba a guntayen bututun da ta tsayar a kan katako, kowanne ta bar rabinsa na sama ba komai. Bayan mako guda muka duba. Garin tayar duk ya taso sama, yadda dusa ke tasowa in ana wankin gero. Ƙasan ya yi tauri, saman kuwa da farce ma ana kankare shi. Ta zauna a kan turmi ta yi tagumi. Na ga ranta ya ɓaci, na bar ta, na je na ɗora girki.

Ranar ta kama Juma'a, ranar zuwan Baffanta. Yayan mijina ne, a Roni yake zaune, kuma tun yana saurayi sana'arsa ginin rijiya. Daga ƙauyukan Roni zuwa Gwiwa har wajen 'Yankwashi, da wuya ka sha ruwa a gari uku ba ka sha na rijiyar da ya gina ba. Gwiwoyinsa sun hana shi sauka yanzu, sai dai ya zauna a baki yana ba da umarni. Tun rasuwar ƙaninsa ya ɗora wa kansa zuwa duba mu Juma'a bayan Juma'a. Ni Yaya nake ce masa, shi kuma bai taɓa kirana da wani abu ba sai Malama.

Bayan mun gaisa ya sha ruwa, idonsa ya kai rumfa. Ya tashi da sandarsa ya je ya ɗauki bututu ɗaya, ya murza saman da babban yatsa.

"Wa ya yi wannan kwaɓin?"

Auta ta durƙusa ta ce, "Ni ce, Baffa."

"Ruwa ya yi masa yawa."

Ta yi masa bayani a hankali cewa dole ya zama ruwa-ruwa, tunda inji ne zai tura shi cikin rami mai nisa. Ya saurara har ta kai aya, bai katse ta ba. Ya ɗebi garin tayar ya watsa a kofin ruwa, muka ga yana yawo a sama, ko jiƙewa bai yi ba.

Ya ce, "Wannan abin gudun ruwa yake. Abin da ke gudun ruwa ba zai zauna da siminti ba. Ki ƙara tankaɗe shi ya yi laushi, ki gauraya su a bushe tukuna, kuma kada ki zuba da kin dama. Ki yi ta juyawa har ki ji ya fara kama hannu."

Ni ina gefe ina tsince shinkafa, na sa baki na ce ai maiƙo ne a jikinsa, kuma ni abin da na sani yana yanke maiƙo shi ne ruwan toka. Auta ta juyo ta dube ni. Ta ce a takardun da ta karanta da ruwan soda ake wanke shi, irin ta yin sabulu, ita kuma ta tsallake wannan matakin don tana ganin ba dole ba ne. Na ce toka dai ga ta nan a murhu, soda kuma akwai ragowar wadda na yi sabulu da ita. Da sodar ta yi amfani a ƙarshe, don ita ce za ta iya aunawa, amma na ji daɗi a raina har yamma.

Da ta gaya wa Baffa cewa burinta siminti ya warkar da kansa, na zaci zai yi dariya kamar yadda na yi. Ko gezau bai yi ba.

Ya ce, "Ai yana warkewa, in yana cikin ruwa. Ku zo Roni in nuna muku."

Ranar Litinin muka shiga motar haya. Na daɗe ban bi hanyar ba, na manta yadda duwatsun wajen suke tsaye jajaye a bayan gonaki, ga gonakin an share an tara kara ana jiran ruwan sama. Daga gidansa muka taka zuwa wata rijiya a gefen gari, wadda ya ce ya gina ta shekarar da aka haifi Auta. Rana ta take sosai. Ya zaro ɗan madubi daga aljihu, ya karkata shi har hasken rana ya faɗa cikin rijiyar, ya yi ta saukar da shi a jikin zobban simintin da aka jera tun daga ƙasa.

"Ki dubi na kusa da ruwa, ta hannun dama. Kin ga wani farin layi?"

Auta ta kwanta rub da ciki a bakin rijiyar, na riƙe mata gefen hijabi. Ta ce ta gani. Ni ma na leƙa, na hango shi, ya taso kaɗan kamar tabon tsohon ciwo.

Ya ce, "Nan ya tsage tun shekarar farko, ruwan laka yana tsattsafowa. Na so in sauka in gyara, damina ta riga ni. Da rani na dawo na tarar wannan farin abin ya fito ya rufe wajen. Na ga haka a rijiyoyi da yawa. Amma fa sai ƙaramar tsaga. In ta kai a zura tsinke, sai an sauka."

Auta ta tashi zaune tana karkaɗe ƙasa, fuskarta cike da murna. Ta ce ta karanta wannan a littafi, farar ƙasa ce da ke cikin simintin take narkewa ta sake daskarewa a bakin tsagar, amma ba ta taɓa gani da idonta ba. Ta ce a rijiyar mai ba a iya dogara da shi, don yana da nawa, gas kuma ba ya jira. Suka zauna a gindin wata tsamiya suna ta magana, shi yana zana zobe a ƙasa da sanda, ita tana zana bututu a gefensa. Na bar su na koma gidan, matarsa ta dama mini fura da nono mai sanyi, muka yi hirar jikoki har la'asar.

Kwaɓi na biyu ya zauna lafiya. Kashi uku ta yi: siminti zalla, mai farin gari, da mai garin taya. Ta nutsa su a babban darona na wanki, suka yi mako huɗu a ruwa, ni kuma na koma wanki a bokiti. Daga nan sai a tsaga su da gangan. Muka kai su garejin wani bakanike da ya taɓa zama ɗalibina, yanzu har da furfura a gemunsa. Ya sa kowanne a kwance tsakanin jak da ƙarfen wata tsohuwar tifa, yana ɗagawa a hankali har mu ji ƙas. Wasu sun farfashe sun lalace. Guda goma sha biyu suka fita yadda take so, tsaga ɗaya daga sama har ƙasa, bututun robar kuma ya riƙe ɓangarorin ba su rabu ba. Huɗu huɗu ke nan daga kowane kashi.

Gwajin kansa ba shi da wuya. A tsayar da bututu a kan kofi, a zuba masa man dizal cikin ƙaramin gwangwanin tumatir ɗaya, a duba agogo a ga minti nawa zai yi kafin ya tsiyaye ta tsagar. In an gama a mayar da shi cikin bokitin dizal a rufe, sai gobe. Ranar farko dukkansu kafin minti uku sun zubar da abin da aka ba su.

Kwana biyu da fara wannan aka sanar a rediyo cewa an janye yajin aiki, a koma aji ranar Litinin. Auta ta rasa inda za ta sa kanta. Babu direban da zai ɗauki bokitan dizal a cikin fasinja, kuma ta ce ko an ɗauka, girgizar hanya za ta motsa tsagogin, aikin wata uku ya tashi a banza. In kuma ta zauna, za ta rasa jarrabawa.

Na ce, "Ki koya mini."

Ta ce, "Umma, warin fa? Kuma kullum ne, ba fashi, har mako shida."

"Na yi shekara talatin da biyar a ɗaki ɗaya da 'yan aji ɗaya, da zafi da damina. Warin dizal ba zai kore ni ba."

Ta yi dariya har da hawaye. Ta sa na yi a gabanta sau uku, ta ba ni safar hannu ta roba, ta sa muka mayar da murhu can ɗaya kusurwar gidan, ta ja mini kunne a kan ashana kamar ni ce 'yar. Na ciro agogon bango daga falo na rataye a ginshiƙin rumfa. Na ɗauko wata tsohuwar rajista da ta rage mini ba a rubuta komai a ciki ba, na ja layuka da rula. Ranar Lahadi na raka ta tasha.

Haka na shiga aiki. In na idar da azkar na sha koko, ƙarfe bakwai ina rumfa. In jera su a kan katako sahu uku, in bi su ɗaya bayan ɗaya, ido a kan agogo, kunne a kan ɗigar mai a kofi. In rubuta, in ɗauki hoton shafin da waya in tura mata. A kwana na uku na ciro su daga bokiti na ga babu lamba ko ɗaya a jikinsu, dizal ya wanke tawadar da ta rubuta da ita tas. Allah ya taimake ni, tun ranar farko a jere nake sa su a bokiti, a jere nake fitarwa, kowa da gurbinsa, yadda na saba zaunar da yara. Launin simintin ya nuna mini kashin kowanne, gurbi ya nuna mini lambarsa. Na samo ƙusa na karce lambobin a jikin robar yadda ba abin da zai goge su. Sai da na gama na kira ta na faɗa mata. Ta ce wannan kuskurenta ne, ya kamata ta san tawada ba ta zama a mai.

Akwai wata Bafulatana da ke kawo mini nono daga rugarsu ta hanyar Ɓaɓura, mun fi shekara goma tare. Ta sauke ƙwarya wata safiya, ta shaƙi iska, ta dube ni da safar hannu.

"Malama, mai kika fara sayarwa?"

Na ce a'a, siminti nake ba wa mai ya sha. Ta kama haɓa. Na yi mata bayani iya yadda na gane, ta saurara, ta ce in dai don kada mai ya shiga ruwan sha ne to aikin lada ne, don ita ta san wahalar ruwa, shanunsu ba sa shan wanda ya canza wari ko ƙishi zai kashe su. Daga ranar duk zuwan da za ta yi sai ta tambaye ni ya masu shan mai.

Na siminti zalla ba su taɓa canzawa ba, yadda suka fara haka suka ci gaba. Masu farin gari tun makon farko suka fara jan lokaci, minti uku ya koma bakwai, ya koma ashirin, har na fara kawo kujera da carbi. Masu garin taya kuwa shiru. Mako biyu suna zubar da mai kamar ba a sa musu komai ba. Na damu da su fiye da yadda zan iya faɗa, don su ne nata, su ta sha baƙin ƙura a kansu. Kullum in na tura hoton sai ta amsa da "Na gode, Umma," ba ƙari, na san ita ma abin yana cin ta.

A mako na uku suka motsa. Na farko ya ƙara minti ɗaya, na ce ko idona ne. Washegari ya ƙara biyu, 'yan uwansa suka biyo shi. A lokacin an yi ruwan farko, gari ya yi sanyi, ƙamshin ƙasa yana gauraya da warin rumfata. Wata safiya a mako na biyar na zuba wa na uku a sahun taya nasa gwangwanin, na zauna. Minti goma ba ɗigo. Rabin awa ba ɗigo. Na leƙa ta sama, man yana nan kwance yadda na zuba shi. Abin da ya zo mini shi ne na bar datti ya faɗa ciki ya toshe, na ɓata mata aiki. Na kira ta, tana aji ba ta ɗauka ba. Na yi ta kai da kawo a tsakar gida har ta kira da hantsi.

"Umma, lafiya?"

"Na uku ya ƙi zubarwa. Ina jin wani abu na yi ba daidai ba."

"Kin ga datti a saman?"

"Babu. Na tace man ma da ƙyalle kamar kullum."

"Na siminti zalla fa?"

"Suna nan yadda suke."

Ta ce in bar shi a tsaye, in rufe saman da faranti, in duba da la'asar. Da la'asar na ɗaga, abin da ke cikin kofin bai fi ɗigo biyu ba. Na faɗa mata. Ba ta yi ihu ba, ba halinta ba ne. Ta dai ce, "Alhamdu lillahi. Umma, ya toshe ke nan." Ranar na sa aka yanka mini zakara ni kaɗai, na aika wa maƙwabta rabi.

Da Yaya ya zo Juma'a na nuna masa. Ya zuba man da hannunsa, ya zauna ya zuba wa kofin ido har shayinsa ya huce. Ya ce shi sai ya ga cikin. Na kira Auta na buɗe muryar wayar don ya ji, ta ce a fasa na huɗu a sahun taya, a bar mata sauran. Ya yanke robar da wuƙa, ya sa bakin ƙarfe a tsagar ya buga sau ɗaya, simintin ya rabu biyu. Muka fito da shi rana. Duk fuskar tsagar ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi ne sun kumbura sun taso, sun matse juna, in ka danna da farce sai ka ji laushi kamar danƙo. Can cikin simintin kuwa, inda mai bai kai ba, suna nan ƙanana a bushe.

Ya daɗe yana juya shi a hannu. Sannan ya matso da bakinsa kusa da wayar, ya ɗaga murya yadda yake yi in yana magana da na cikin rijiya.

"'Yata, wannan zai yi a zoben rijiyar ruwa?"

Ta ce, "A'a, Baffa. Sai ya sha mai yake kumbura, ruwa ba ya motsa shi. Kuma taya ba abin sawa a ruwan sha ba ce. Akwai irin da ruwa ke kumbura shi, amma ban san lafiyarsa ga mai sha ba, ba zan ce ka sa ba."

Ya gyaɗa kai kamar tana ganinsa. Na lura ya so a ce eh. Ya ce, "To shi ke nan, gara da kika faɗi gaskiya. Allah ya yi miki albarka." Ya nemi in ba shi ɓari ɗaya, na naɗe masa a leda ya sa a aljihu, ya ce zai nuna wa masu yi masa aiki.

Da mako shida suka cika ta zo da motar da sashensu ya ba ta, aka naɗe kowanne a tsumma aka jera a kwali, ta tafi da su da rajistar. A can suna da injin da ke ba siminti zafi da matsi irin na ƙarƙashin ƙasa. Bayan wata biyu ta kira ni, tun daga sallamarta na san ba yadda ta so ba ne. Masu farin gari sun jure. Masu garin taya sun toshe tsaga, amma da zafi ya yi yawa ƙarfin simintin ya ragu ƙasa da abin da ake bukata a rijiya mai zurfi.

Na ce, "Wahalar banza muka yi ke nan?"

Ta ce ba haka ba ne. Yanzu an san iyakar zafin da yake ɗauka, da ba a sani ba. Wataƙila ya yi amfani a rijiyoyin da ba su da zurfi, wannan kuma sai wani ya gwada. Haka ta rubuta, ba ta ƙara ba ta rage ba, kuma da shi ta ci jarrabawarta. Ta ce malaminta ya buɗe rajistar ya tambayi wane ne mai wannan rubutun, ko kwana ɗaya babu tsallake. Da ta ce mahaifiyarta ce, ya ce a gaishe ni. Yanzu tana kudu tana aiki da masu zuba siminti a rijiyoyin mai, sai ta yi makonni a wajen aiki kafin mu ji muryarta.

Bayan damina Yaya ya zo da wata magana. Ya ce Auta ta gaya masa masu haƙar mai ba sa wuce taku ɗaya ba su rubuta irin ƙasar da suka tarar ba. Shi kuwa ya gina rijiyoyin da bai san adadinsu ba, duk a kansa suke, inda ake samun dutse, inda yashi ke zubowa, inda ruwa ke da gishiri, kuma kan nasa ya fara mantuwa. Ya ce an ba shi aikin sabuwar rijiya a wani ƙauye a ƙasar Gwiwa, ko zan zo in riƙa rubutawa.

Na je. Aka shimfiɗa mini tabarma a inuwar wani marke, shi yana kan kujerarsa a bakin rami da igiya mai ƙulli-ƙulli. Duk gugan ƙasar da aka jawo sai ya damƙa ya murza, ya faɗa mini gaba nawa aka kai da sunan ƙasar, in rubuta. Jar ƙasa, sai tsakuwa, sai wata laka mai ruwan toka da ta ba su wuya kwana uku. A tsakani yana ba ni labarin tsofaffin rijiyoyinsa gari gari, ina rubuta su a bayan littafin. Matan ƙauyen sukan zo su tsaya daga nesa da tulunansu, su gaishe mu, su wuce rafi. A zuwana na huɗu, wajen azahar, guga ya fito da farin yashi. Yaya ya damƙa, ya buɗe hannu, yashin ya tsaya a dunƙule bai warware ba. Ya miƙo mini na taɓa, na ji sanyi da danshi.

Ya ce, "Rubuta, Malama. Gaba goma sha ɗaya, farin yashi mai laima. Jibi in Allah ya so za su sha."

Na rubuta. Matar mai gari ta aiko mana da dambu da man shanu, muka ci, muka yi salla, na naɗe tabarmata muka taka bakin hanya jiran motar Kazaure.